Ciyawar Gida Kafin Irinta Ya Ƙare

Maganarmu ta yau a kan ciyawa ce. Kada ka raina ta. Kai makiyayi, nonon da ka tatsa da safe ciyawa ce. Kai ɗan kasuwa, ragon da ka saya a Tambul ka kai gaba ka ci riba, shi ma ciyawa ce. In ta ƙare, ku biyun za ku ji a aljihu.

In ka tsaya a bakin Shuɗin Nilu a Kamlin ka dubi gabas, ƙasar da ta shimfiɗe a ƙetaren ruwa ita ce Butana, makiyaya mafi suna a wannan yanki. Tambayi kowane dattijo da ya yi kiwo a can, zai ambata maka siha. Ɗan tsiro ne gajere mai 'yar ƙaya, amma raƙumi da tunkiya suna ƙiba da shi, kuma ko ya bushe amfaninsa bai gushewa, shi ya sa yake riƙe dabba a tsakiyar rani. A da siha ta rufe wurare masu faɗi a Butana. Yau sai ka yi tafiya mai nisa ba ka gan ta ba. A inda take a da, wani wuri nal ce ta maye, wadda dabba ba ta sonta sosai tana ɗanya saboda ƙarfin ƙamshinta, wani wuri kuma tumfafiya, wani wuri ƙasa ce tsirara.

To me ya kawo haka? Abu na farko, makiyaya ta ƙuntata. An gama madatsar Sinnar a 1925, aikin noman Jazira ya fara, ya faɗaɗa har ya kai kimanin fadan miliyan biyu tare da Manakil. Noman tarakta ya shiga ƙasar Gadarif tun shekarun 1940. Aikin Sabuwar Halfa ya zo a 1964, na Rahad a 1977. Bayan rabuwar Sudan ta Kudu a 2011, garkunan da suka saba gangarawa kudu da rani sun sami wahalar ƙetarewa, da yawa suka tsaya a wannan ɓangare. Dabbobi sun ƙaru, fili ya ragu.

Abu na biyu shi ne wanda nake so ka riƙe da kyau. Yawancin ciyawar wannan ƙasa 'yar shekara ɗaya ce. Ta tsiro da damina, wato kharif, ta yi fure, ta zubar da iri, ta mutu. Ciyawar baɗi tana kwance a cikin ƙasa a matsayin irin bana. A da rashin ruwan sha ke korar garke daga wuri, ƙasa ta huta. Da aka yawaita hafir da motocin ruwa, sai dabbobi suka zauna wuri ɗaya shekara sukutum, suna cinye tsiro mai daɗi tun kafin ya yi 'ya'ya. Bana an cinye, baɗi an cinye, shekara ta uku babu abin da zai fito sai wanda dabba ta ƙi. Ka ga ke nan ba fari kaɗai ke kashe makiyaya ba. Ana iya yin ruwa mai albarka, ƙasa ta ƙi ba ka siha, don rumbunta na iri ya zama wayam.

Akwai kuma darasin baƙon icce. A 1917 aka shigo da miskit Sudan daga waje, daga baya aka yi ta dasa shi don tare rairayi da samar da inuwa. Niyyar mai kyau ce. Amma dubi abin da ya yi a Sabuwar Halfa, da Gash, da Tokar: ya toshe magudanan ruwa, ya cinye gonaki, ya yi duhuwar ƙaya wadda ciyawa ba ta fita a ƙarƙashinta. A 1995 gwamnati ta ba da umarnin a kawar da shi, kuma har yau ana fama. Makiyayan Afar a Habasha suna kuka da wannan iccen. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙasar da ciyawarta ta mutu ita miskit ke fara kamawa.

Me ya sa muka ɗauko wannan magana yanzu? Saboda jama'a na komawa gida. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya shiga Jazira a ƙarshen wannan shekara, mutane suka watse, aka sare itatuwa masu yawa don gawayi da girki. Har ɗakin ajiyar irin shuka na ƙasa da ke Wad Madani bai tsira daga ɓarna ba. A Fabrairun 2025 sai da aka kai wasu irin dawa da gero da riɗi na Sudan can Svalbard a ƙasar Norwe, aka ajiye cikin dutse mai ƙanƙara don kada su salwanta. To irin siha fa, da na gude-gude, wa zai ajiye mana? Babu jirgin da zai zo ɗaukarsu. Ma'ajiyarsu ita ce ƙasar da kake takawa, da buhun da ke ɗakinka. Yanzu da ake gyaran makarantu da kasuwanni da bakin hafir, abin da aka shuka a waɗannan shekaru shi za a zauna da shi har jikoki.

Ga abin da za ka iya yi, kuma bai buƙatar kuɗi mai yawa.

Ka fara da tara iri. In kharif ya ɗauke, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, ciyawa ta nuna. Nemi inda mai kyau ta rage, bakin fadama ko gefen da dabbobi ba su cika shiga ba. Karkaɗe kan siha, da gude-gude wadda Larabawa ke kira abu asabi, da difra, da tabar mai yaɗo. Kada ka kwashe duka, bar wa wurin rabonsa. Shanya a inuwa har ya bushe ƙayau, zuba a buhu, rataye shi nesa da danshi da ɓera. Kowane buhu ka san daga ina ka ɗebo shi.

Sa'an nan ka ba kowane tsiro ƙasarsa. Ruwan arewacin Jazira bai kai na Sinnar ba, na Sinnar bai kai na Damazin ba. Gamba, wadda ke sake tohowa daga gindi kowace shekara, tana son ruwa mai ɗan yawa, saboda haka kudu ta fi dacewa da ita. Ƙarangiya, wato haskanit, ta jigawa ce. Siha da tabar na ƙasar laka ne. In ka ɗauki irin Damazin ka watsa a Kamlin, kada ka zargi kowa in bai yi ba.

Lokacin watsawa kuwa, dab da faɗuwar ruwan farko ne, Yuni zuwa Yuli. Laka mai tsagewa tana taimakonka, don iri na faɗawa cikin tsaga ya ɓuya daga tsuntsu da iska. Inda ƙasa ta yi tauri ta zama faƙo, sai ka ja kunya, wato taras, a gicciyen gangare don ta tare ruwa, ko ka haƙa rabin wata irin wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke yi. Daga nan sai babban aiki: a hana dabba shiga har ciyawar ta zubar da iri. Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Sai mai gari da ardo da manoma sun zauna, an ware yanki, an ce bana nan zai huta, baɗi wancan. A share hanyar tare gobara a kewayensa, don wutar daji ta yini ɗaya tana cinye wahalar shekara. An gwada irin wannan a ƙauyukan Butana ƙarƙashin aikin raya karkara da asusun IFAD ya tallafa daga 2008 zuwa 2019, inda jama'a suka keɓe makiyaya da dazuzzukansu suna tsaro da kansu.

Mu zo ga cikin gari. In za a yi shuka a filin makaranta, ko harabar asibiti, ko tashar mota, ko zangon dabbobi a kasuwa, ka tashi ka yi magana kafin a kawo baƙon icce. Muna da namu. Aduwa, da ake kira hijlij, tana jure rani, 'ya'yanta lalob kuma kayan kasuwa ne. Kurna, wato sidir, ga inuwa ga nabak ga zuma. Gawo, haraz, yana zubar da ganye da damina ya bar amfanin gona ya sha rana, ya fitar da ganye da 'ya'ya da rani lokacin da dabba ke nema. Bagaruwa, sunut, ta bakin kogi ce, 'ya'yanta na jima. Dakwara, hashab, ita ke ba da ƙaron da ya sa sunan Sudan ya zaga duniya. Irin bagaruwa da dakwara, jiƙa shi a ruwa kafin shuka yana saurin tsirowa, na bagaruwa ma ruwan zafi ya fi so don ɓawonsa da tauri. A ƙarƙashin itatuwan a bar ciyawar gida ta rufe ƙasa, a daina share ko'ina ƙaf ana cewa tsafta. Bakin hafir in ya samu ciyawa, ƙasa ba ta zaizaya ta cike shi.

Wani lokaci ma ba sai ka dasa ba. A jihar Maraɗi ta Nijar, tun shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon kututture ya girma a gona, suna zaɓar reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi su sare sauran. Sassaben zamani suke ce masa. Da wannan dabara itatuwa suka dawo a kan kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Kututturen da aka sare a lokacin yaƙin nan da yawansu suna da rai a ƙasa. In ka ga toho, kāre shi daga akuya da gatari.

Sai batun yara, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka haifa a gudun hijira, ko ya tashi a birni, bai san siha ba ko ya taka ta. Malam, a khalwa kake ko a makarantar gwamnati, ware ɗan fili taku goma a kan goma. A shuka ciyawar gida kashi-kashi, a kafa allo a rubuta sunan kowace da Hausa da Larabci da Fulatanci. A gayyato tsohon makiyayi ya faɗa wa yara wacce ke kawo nono, wacce ke kumbura ciki, wacce ake jinka da ita. Mata su nuna ta tsintsiya da ta magani. In kaka ta yi, yaran su tara irin da hannunsu. Wannan ɗan fili zai zama ma'ajiyar iri ta ƙauye duka.

Kai kuma ɗan kasuwa, kana da hannu biyu a wannan magana. Motarka da garkenka suna ɗaukar iri ba ka sani ba. Dabbar da ta ci 'ya'yan miskit tana zubar da ƙwayarsa a kashi, can gaba a kan burtali, kuma ta fi saurin tsirowa bayan ta ratsa ciki. In ka sayo dabbobi daga inda miskit ya yi yawa, tsare su a zango na 'yan kwanaki har cikinsu ya wanke kafin ka sake su a sabuwar makiyaya, kuma ka tumɓuke duk wanda ya tsiro a zangon tun yana ƙarami. Haka busasshiyar ciyawar da kake lodi, ka duba abin da ke ciki. Hannu na biyu na alheri ne: ka riƙa tambayar irin ciyawar gida a kasuwa, ka saya, ka kai inda ya ɓace mai irin wannan ƙasa. Ranar da mata da yara suka ga irin siha yana da farashi, ba za a bar shi ya salwanta ba.

To jama'a, kaka na zuwa. Kafin ka bi garke ko ka ɗaure kaya, ajiye buhu ɗaya na iri, kuma ka kai maganar hutun makiyaya gaban mai gari tun ruwa bai faɗi ba. A mako mai zuwa za mu duba yadda ake ajiye harawa da karan dawa su kai ƙarshen rani.