Daftarin da Ya Ƙone da Wanda Ya Tsira: Jawabin Magatakarda a Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya

 

Mai girma shugaba, iyayenmu dattawan ƙungiya, malamanmu, iyayenmu mata da ke zaune ta gefen rumfa, 'yan'uwa da suka taso daga Gadarif da Damazin da Mai Wurno, da waɗanda za su saurari wannan magana daga baya ta WhatsApp suna Metema ko Aswan, barkanmu da ganin wannan rana. Waɗanda muka saba zama da su a nan kuma yau ba sa cikinmu, Allah ya jiƙan su, ya kyautata namu zuwan.

Bisa al'ada magatakarda yakan tashi ne ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, ya zauna. Wannan ma'aji zai yi shi bayan la'asar. Mu abin da aka ɗora mana shi ne mu amsa ƙorafin da ke ta yawo tun da muka dawo: me ya sa ofis ya daina rubutu a babban daftari, me ya sa in mutum ya biya kuɗin wata sai a turo masa rasit a waya maimakon a yago masa takarda. Wani babanmu, yana nan zaune kuma ya ba mu izini mu faɗa, cewa ya yi mun mayar da ƙungiyar iyayenmu wasan yara. Ba mu ji haushi ba. Yana da haƙƙin a ba shi amsa a gaban kowa.

Kun san dulab ɗin ƙarfen da ke ofis ta bayan ƙofa. A cikinsa akwai daftarin sunayen 'yan ƙungiya, da na kuɗin wata, da na sanduƙin taimako, da kwafin takardun jamarik na kayan da suka bi ta Gallabat ko Argin. Sannan akwai wanda ya fi duka nauyi, daftarin bashi, inda in ɗan ƙungiya ya ba wani riɗi ko ƙaro ko zoborodo bisa alkawari, ake rubutawa, shaidu biyu su sa hannu ko su dangwala yatsa. Shafukan farko na tsofaffin daftarin da ajami aka rubuta su, da hannun mutanen da wasunmu ba mu riske su ba.

A Disambar 2023, a kwanakin da Madani ta faɗi, yaƙi ya shigo mana Rufa'a. Wanda bai fita a lokacin ba, ya fita a Oktobar 2024 da wuta ta sake tashi a gabashin Jazira. Babu wanda ya tuna da dulab, kuma ba mu ga laifin kowa ba. Mai ɗauke da tsohuwa da yara ba ya ɗaukar daftari. Da muka dawo a farkon 2025 mun tarar ba ƙofa, ba dulab. Takardun an zubar a ƙasa, wasu an hura wuta da su, sauran damina da gara sun gama da su. Mun tattara abin da ya rage a buhu ɗaya, shi ma rabinsa ba ya karantuwa.

Abin da ya tsira, ba da dabararmu ya tsira ba, gara mu faɗi gaskiya. Kafin yaƙi an yi wata jayayya da wani ɗan'uwa da ke Gallabat kan adadin buhu, sai yaron da ke taimaka mana a ofis ya ɗauki hoton shafin ya tura masa, magana ta mutu nan take. Daga nan sai ya ɗauki al'adar duk ranar Alhamis ya ɗauki hoton abin da aka rubuta a daftarin bashi a makon. Har faɗa muke masa wai yana cika wayar ofis da hotuna. Ashe wayar tana kwafe su da kanta zuwa ma'ajiyar Google. Wayar ta tafi, hotunan suna nan. Muna Gadarif muka buɗe su a wayar aro.

Ga abin da hoto ɗaya ya yi. Wani ɗan ƙungiya ya rasu a hanyar gudu, ya bar mata da yara, suka ƙare a Halfa Jadida ba su da ko na shayi. Ita ba ta san harkar kasuwancinsa ba, kamar yadda yawancin matanmu ba su sani ba, kuma wannan ma wani laifin namu ne da za mu yi magana a kai wata rana. A hotunan muka ga ya ba wani abokin ciniki riɗi watanni kaɗan kafin tashin hankali, ga adadi, ga farashi, ga yatsun shaidu. Mutumin bai yi musu ba, Allah ya saka masa, amma a ƙwaƙwalwarsa adadin bai kai haka ba. Da ya ga shafin sai ya yi shiru, ya ce a ba shi lambar asusu. A kashi uku ya biya ta Bankak. Ba wanda ya hau mota, ba wanda ya tsallaka shinge.

Ga kuma abin da rashin hoto ya yi. Akwai gidaje biyu a cikinmu, kun san su, iyayensu sun yi shekaru suna haɗa jari a kan hanyar Habasha. Lissafinsu yana daftarin da ya riga zamanin hotunan. Ɗaya daga cikin dattawan ya rasu, ɗayan ciwo ya taɓa masa tunani. Yau 'ya'yansu ba sa gaisawa, kuma kowane ɓangare ya yi imani da gaske shi ake zalunta. An zo wurinmu sau uku, ba mu da abin nunawa. Wannan yana hana mu barci fiye da asarar dulab.

To amma kada a ɗauka mun zo tallar waya ne. Waya ma ta kunyata mu, kuma duk wanda ke nan shaida ne. Tun farkon yaƙi a Afrilun 2023 tura kuɗi daga banki zuwa wani banki ya tsaya, saboda cibiyar da ke haɗa bankunan tana Khartum. Kowa ya koma kan manhajar bankinsa, mai Bankak da mai Bankak, mai Fawri da mai Fawri. Sai kuma Fabrairun 2024, layukan waya da intanet suka ɗauke a kusan duk ƙasar, mu nan Jazira muka daɗe a cikin duhun. Mutum yana da miliyoyi a asusu, ba ya iya sayen mudun dawa. Sai da farantan Starlink suka fara bayyana a kasuwanni, a biya kuɗin awa, a tsuguna cikin taron mutanen da ba ka sani ba kana danna lambar sirrinka, wani yana leƙe ta kafaɗarka. In kana son tsabar kuɗi a hannu kuwa, mai canji ya yanke nasa kaso, ka karɓa ka yi godiya.

Babban darasin da muka sha a wannan lokaci ya shafi sanduƙin taimako. Kuɗin suna cikin asusun da aka buɗe da sunan mutum ɗaya da lambar wayarsa, don haka aka ga ya fi sauƙi a da. An karɓe masa wayar a hanya har da layin. Kuɗin ba su ɓace ba, amma mun yi watanni ba mu iya taɓa su, a daidai lokacin da ake haihuwa a makarantu da masallatai, ake rasuwa ba likkafani. Mun fitar da amanar jama'a daga dulab ɗaya muka saka ta a aljihu ɗaya. Bambancin kawai shi ne aljihu yana tafiya.

Sai kuma maganar ish'ar, hoton nan da ake nuna maka wai an tura kuɗi. Akwai yaran da suka ƙware wurin ƙirƙiro shi, da sunanka da adadi da lambar aiki, ba ka bambance shi da na gaske. Ɗan ƙungiyarmu ya saki lodin albasa a kan irin wannan hoto, da magariba, layi yana wahala, mai saye yana ta rantsuwa yana cewa direba na jira. Har yau ana neman sa. Iyayenmu, 'yan'uwa, ish'ar ba kuɗi ba ne. Sai ka buɗe naka asusun da hannunka ka ga sun shiga. In layi ya ƙi, kaya su kwana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar tamu ita ce kunyar a ce ba mu yarda da mutum ba.

Ko da muna son komawa yadda muke a da, hanyar ta rufe. Tun 2015 gwamnati ta mayar da Urnik 15, rasit ɗin biyan kuɗin hukuma, zuwa na'ura. A Disambar 2024 da aka fara canjin takardun jine dubu da na ɗari biyar, ba a hannu ake musanya maka ba, sai ka zuba a asusu. Wanda bai taɓa shiga banki ba dole ta sa ya buɗe. 'Yan'uwanmu na Kano sun ɗanɗana irin wannan a farkon 2023 da aka sauya fasalin naira, tsabar kuɗi ta ɓace, har mai sayar da tumatir ya koyi karɓar tiransifa. Abokan cinikinmu na Masar yanzu a waya suke turo takardar kaya, su nemi a mayar musu a waya kafin mota ta bar Aswan.

Mu kuma in aka duba, gudanar da ciniki daga nesa ba baƙon abu ba ne gare mu. Kakanninmu da suka biyo hanyar hajji, da waɗanda suka zauna a Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, sun riƙe hulɗa da Kano da Sakkwato da wasiƙar ajami a aljihun matafiyi, tana wata da watanni a hanya. Fatake sun bar dukiya a hannun mai gida a garin da ba za su sake gani ba sai baɗi. Abin da ya riƙe wannan duka shi ne rubutu da shaida. Malamanmu sun fi mu sani, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Da muka tambaye su, sun ce abin nema shi ne a rubuta a kuma shaida, ko a allo ko a waya.

Ga yadda ofis ke aiki yanzu. Duk abin da aka shigar, kuɗin wata ne ko bashi ko takardar jamarik, yana shiga jadawali a kwamfuta, wadda muke caji da faifan sola. Kwafinsa yana hawa intanet a ranar, kuma mutum uku ne ke da mabuɗi: shugaba, ma'aji da magatakarda, ɗayansu kuma dole ya zama mazaunin wani gari ba Rufa'a ba. Asusun sanduƙi muna kan mayar da shi da sunan ƙungiya, kada a fitar da ko jine ɗaya sai mutum biyu sun amince. Wanda ke Metema zai iya ƙulla bashi da wanda ke nan ba tare da ya zo ba: kowannensu da shaidunsa su yi magana a murya, su faɗi suna da kaya da adadi da ranar biya, mu rubuta, mu karanta musu, su ce sun yarda, mu adana muryar tare da rubutun. Wannan ya fi yatsan da ake dangwalawa, don murya ba ta da wuyar ganewa ga wanda ya san mai ita.

Kuma Baba, ga amsar ƙorafinka: ba mu rabu da takarda gaba ɗaya ba, ba kuma za mu rabu da ita ba. Wanda ya ga Fabrairun 2024 ba zai yarda a ce masa ofis marar takarda ko ɗaya shi ne ci gaba ba. Ƙarshen kowane wata muna buga lissafin a takarda kwafi biyu, ɗaya a nan, ɗaya a tafi da shi Gadarif. Duk dattijon da ke son rasit a hannu za a rubuta masa, da boko ko Larabci ko ajami, yadda ya fi iya karantawa. Abin da ba za mu sake yi ba shi ne a ce takarda ɗaya tak ce ke riƙe da haƙƙin marayu.

Inda muke da rauni kuma mu faɗa. Mu ba masana kwamfuta ba ne, sakandare muka gama, da tambaya da kuskure muka koya. Akwai ranar da muka goge shafin wata guda da hannunmu, kwafin Gadarif ne ya cece mu. Akwai iyayenmu da takardun shaidarsu suka ɓace a gudu, ba su da lambar ɗan ƙasa a hannu, don haka ba su iya buɗe asusu, kuɗinsu suna shiga ta wayar ɗa ko jika. Wasu 'ya'yan sun riƙe amana, wasu kuwa mun ji abin da ba mu so ba. Duk wanda ke cikin wannan hali ya sanar da ofis sunan wanda ke karɓa masa, mu riƙa kiran sa da baki duk lokacin da kuɗinsa suka shigo, don ya san adadin daga gare mu.

Roƙonmu na ƙarshe ya shafi buhun nan na takardun da suka lalace. Yawancin abin da aka rubuta a tsofaffin daftarin yana da kwafi a hannun wani: rasit a ƙasan akwati, takardar bashi a cikin jakar Alƙur'ani, wasiƙa a wurin tsohuwa. Mun riga mun samu guda biyu da suka shafi gidajen nan da muka ambata, kuma muna fatan na uku yana gidan wani da ke zaune a nan. Bayan ma'aji ya gama, za mu sa tebur a bakin ƙofa har zuwa magariba, haka kuma kowace Alhamis a ofis. Ku kawo ko da ta yage, ko da rabi ce. Za mu ɗauki hotonta a gabanku mu mayar muku da abinku. Waɗanda ke nesa su turo hoto, gaba da baya, a wuri mai haske, kada yatsa ya rufe kwanan wata.