Makwancin Baƙo a Ikko da Alhakin Ƙaramar Hukuma



Duk wanda ya ratsa Mile 2 tsakanin isha'i da asuba, sa'ad da motocin Badagry suka lafa, 'yan tebur suka tattara kayansu, zai ga abin da hayaniyar rana take rufewa: mutane jere a ƙarƙashin gada da bakin shaguna, kowa ya shimfiɗa kwali, ya yi matashi da takalmansa don kada ya wayi gari babu su, kafin ladan ya gama kiran salla kuwa sun naɗe, sun yi alwala da ruwan leda, sun bazu neman halali. Akasarinsu ba mabarata ba ne. 'Yan dako ne, da masu gyaran takalmi, da masu yankan farce, da 'yan cirani, waɗanda abin da suke samu ya isa ci da aikawa gida, amma bai kai ga hayar shekara a dunƙule ba, balle ladan dillali.

To, alhakinsu yana wuyan wa? Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, kuma a cikinsu, tare da kasuwanni da tashoshin mota da makewayin jama'a, ya ambaci kafa maƙabartu da gidajen gajiyayyu da miskinai. A jumla ɗaya aka haɗa maƙabartun da gidajen gajiyayyun, sai dai ga alama hukumomi sun fi tunawa da makwancin mamaci bisa ga na mai rai.

Abin da muka saba gani a aikace daga gwamnatin jiha yake zuwa, kuma da katafila yake zuwa. A watan Yuli na 1990, zamanin Gwamna Raji Rasaki, aka rushe Maroko, aka tarwatsa mutane kimanin 300,000. A 2016 da 2017 aka maimaita a Otodo Gbame, har babbar kotun jiha ta hukunta cewa korar ta saɓa wa tsarin mulki. A 2013 aka kwashi wasu marasa galihu aka sauke a Onitsha, lamarin da ya jawo ce-ce-ku-ce har Gwamna Babatunde Fashola ya ba da haƙuri. Wanda aka kama yana bara kuwa, cibiyar gyaran hali ta Majidun a Ikorodu ake nufa da shi. A 2024 jami'ai suka tarar da ɗakuna 86 da aka yanka a ƙarƙashin gadar Dolphin a Ikoyi, ana karɓar naira 250,000 a shekara, wato har ƙarƙashin gada ya sami mai gidan haya. Ba na musun cewa tsabtar gari da tsaronsa haƙƙi ne a kan mahukunta, amma wanda aka tasa daga wata gada ba ɓacewa yake yi ba, gadar gaba yake komawa. Kuma adalci ne mu tuna cewa Gwamna Alhaji Lateef Jakande, tsakanin 1979 da 1983, ya gina gidaje masu rahusa a nan Mile 2 ɗin, domin a san cewa hukuma ta taɓa amsa wannan mas'ala da bulo da siminti.

Mu Hausawa kuwa muna da namu tsarin, wanda ya girmi ƙananan hukumomin kansu. Tun da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano, fataken goro suka kafa zango a Agege, baƙo bai rasa wurin sauka ba, domin maigida yakan ba shi masauki a zaure, ya ajiye masa amanar kuɗinsa, ya tsaya masa in ya yi ciniki, ya kai shi gaban Sarkin Hausawa in rigima ta taso. Irin wannan ne mai bincike Abner Cohen ya bayyana game da Sabon Ibadan a littafinsa na 1969. Asalinsa kuma a addini yake, tun da ibnus sabili yana cikin sinfi takwas da Suratut Tauba ta ba su rabo a zakka, Ahlus Suffa kuma a masallacin Madina suka sami mafaka. Amma zaure ya zama shago, maigida shi ma haya yake biya, masu tahowa daga Arewa kuwa, saboda fitinar 'yan bindiga da tsadar rayuwa, sun fi ƙarfin baranda da harabar masallaci.

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta hukunta cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, don haka uzurin rashin kuɗi ya raunana, ko da yake zartarwa tana jan ƙafa. Abin da nake roƙon shugabannin ƙananan hukumomin Amuwo-Odofin da Agege ba mai yawa ba ne: rumfar kwana mai rufi kusa da tasha, da famfo, da makewayi, da ɗan kuɗin shiga wanda ɗan dako zai iya biya kowane dare. Rajistar masu kwana kuwa a damƙa ta ga sarakunanmu da limamai, domin su suka san wane ɗan wane ne, daga wane gari ya fito, kuma wa za a nema idan ciwo ya kwantar da shi.