AMSAR WASIƘUNKU: Ina Farin Ciki A Cikin Hasara?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga Gandi, ta ƙasar Rabah. Mai ita manomin albasa ne, ya ce: "Tun harin Tabanni na 2018, da mutane suka gudo garinmu, hankalina bai kwanta ba. Bana kuma albasata ta ruɓe. Sai ga shi na ji ku Kirista kuna cewa a riƙa farin ciki kullum. Anya wannan ba ruɗin kai ba ne?"

To, malam, mun gode, Allah ya mayar maka da alheri. Da fari dai, ba wanda ya hana ka kuka. Yesu Almasihu da kansa ya zub da hawaye da aka yi rasuwar abokinsa Li'azaru.

Amma jin daɗi daban, farin ciki daban. Kai da ke noman rani ka fi mu sani. Jin daɗi ruwan sama ne, yana zuwa, yana ɗaukewa. Farin cikin da muke nufi kuwa, ruwan da ke ƙarƙashin fadamar Rima ne: ko ƙasa ta tsage don rani, in ka haƙa sai ka tarar da shi. Tushensa shi ne sanin cewa Allah ya gafarta mana ta wurin Almasihu, bai kuwa yashe mu ba, har mutuwa ma ba ita ce ƙarshen zance ba.

Duba Ayyukan Manzanni sura 16. A birnin Filibi an yi wa Bulus da Sila bulala, aka jefa su kurkuku, amma da tsakar dare aka ji suna waƙar yabo. Ciwon bulala na nan, sai dai an kasa ƙwace musu wanda suka dogara gare shi. Annabi Habakkuk ma, a sura 3, ya lissafa hasarar gona da ta garke, duk da haka bai fasa murna da Allahnsa ba.

Saboda haka, malam, kai kukanka ga Allah yadda yake, kada ka rage kome. Sa'an nan ka leƙa maƙwabcin da ya fi ka rashi, ko da kwanon gero ne. Sau da yawa a nan ne rijiyar kan fara tsattsafo.

Sai mun ji daga gare ka. A huta lafiya.