Kaka ta fito daga tiyata lafiya, amma ba ta gane mu ba

Yau maganar tsofaffinmu za mu yi, kuma mu matasa ta fi shafa, don duk gidan da aka kwantar da tsoho a asibiti, mu ake turawa kwana.

Bara kakata ta zame a banɗaki, ƙashin ƙugunta ya karye. Aka yi mata aiki, likita ya ce an yi nasara. Daren farko lafiya lau. A dare na biyu, wajen ƙarfe biyu, sai ta farka tana fizge robar ƙarin ruwa, tana kirana da sunan ƙanenta da ya rasu tun ba a haife ni ba, wai in kori awaki daga ƙarƙashin gado. Da safe ta dawo garau, har tana tambayata ko na karya. Magariba na yi abin ya dawo. Gwaggona ta ce shafar aljanu ce. Kawu ya ce gigin tsufa ne ya zo. Ni kuma mai digiri na tafi wajen nas na ce, "Don Allah Sista, a ba ta maganin barci ta huta, mu ma mu huta." A cikinmu ukun, shawarata ce ta fi haɗari.

Likitoci suna kiran wannan abu diliriyam, wato ruɗewar da ke afka wa ƙwaƙwalwa farat ɗaya. Bambancinta da gigin tsufa shi ne lokaci. Gigin tsufa a hankali yake shiga, wata da watanni, har shekaru. Ita kuwa cikin awoyi ko kwanaki take zuwa, ta tafi ta dawo, kuma ta fi tsanani da dare. Mutum ba ya iya tsayar da hankalinsa kan magana, bai san inda yake ba. Bayan tiyata, a kwanakin farko aka fi ganin ta, musamman a aikin karayar ƙugu da aikin zuciya.

Akwai kuma nau'in da ya fi ba ni tsoro: wanda babu ihu, babu sambatu. Tsoho ya kwanta shiru, magagi kawai, ba ya cin abinci, sai mu ce ai hutawa yake. Wannan shi aka fi kasa ganewa. Kuma ruɗewar nan ba wasa ba ce. Tana tsawaita zaman asibiti, tana jawo faɗuwa daga gado, tana ƙara haɗarin mutuwa, wasu kuma tunaninsu ba ya komawa yadda yake.

To me ya sa na ce maganin barci haɗari ne? Wanda aka fi sani a wajenmu shi ne dayazefam, wato Valium, da ɗan'uwansa midazolam. Jikin tsoho ba ya fitar da su da sauri kamar namu. Suna kwantar da jiki, amma su ƙara dagula ƙwaƙwalwa. Ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ta daɗe da saka su a jerin magungunan da ake so a kauce wa ba tsofaffi. Haka Piriton da muke saye a kemis kamar alewa, da furometazin, da allurar fetidin ta kashe zafi. Amma ku lura da wani abu: idan tsoho ya saba shan dayazefam kullum, ko yana shan giya, yanke masa farat ɗaya shi ma yana kawo ruɗewa, kuma a nan waɗannan magungunan ne maganin. Shi ya sa ɓoye wa likita abin da tsoho yake sha, wai don kunya, cutarwa ce.

Akwai maganin kwantar da jiki guda ɗaya da ya bambanta, sunansa deksmedetomidin. Yana sa barci mai kama da na gaske, wanda za a taɓa mutum ya farka ya amsa, kuma ba ya danne numfashi sosai. A 2016 mujallar Lancet ta buga binciken da aka yi a Beijin ta ƙasar Sin kan mutum 700 masu shekara 65 zuwa sama, waɗanda aka kai sashen kulawa ta musamman bayan tiyata. Rabi aka ɗiga musu ɗan kaɗan na maganin ta jijiya har wayewar gari, rabi ruwan gishiri kawai. A masu maganin, kashi 9 cikin 100 ne suka ruɗe. A ɗaya ɓangaren, kashi 23.

Da na karanta wannan sai na ce shi ke nan, an samo. Ashe da sauran magana. A 2020 mujallar ta sake buga wani bincike daga Amurka, kan kusan mutum 800 da aka yi wa aikin zuciya. Masu maganin kashi 17 suka ruɗe, marasa shi kashi 12. Wato bai hana komai ba. Sannan yana rage bugun zuciya, yana saukar da hawan jini, dole sai da na'ura ana sa ido. Don haka ba abin da za ka shiga kemis ka tambaya ba ne, kuma ba kowane asibiti ke da shi ba.

Abin da ya fi burge ni ba magani ba ne. A 1999 wata likita mai suna Sharon Inouye, a jami'ar Yale, ta fitar da sakamakon gwaji kan tsofaffi 852 masu shekara 70 zuwa sama da aka kwantar a asibiti. Me aka yi musu? Tuna musu rana da wuri, tashe su su motsa, ba su ruwa, mayar musu da tabarau da na'urar ji, da barin su su yi barci ba da ƙwaya ba. Ruɗewa ta sauko daga kashi 15 zuwa kusan kashi 10. Can sai da aka horar da 'yan sa-kai. Mu a nan ɗan sa-kan yana nan kan tabarma a gefen gado, kai ne ko ke.

Saboda haka in kana jinya, kowace safiya ka ce, "Kaka, yau Talata, muna asibiti, jiya aka yi miki aiki." A buɗe taga da rana. In an kira salla a faɗa mata wacce ce, don tsohuwa da lokutan salla take auna yini. A kawo mata carbinta da tabaranta. Da dare a kashe fitila, kai ma ka ajiye wayar nan, ba ka kunna TikTok a kanta ba. In likita ya ce ta tashi ta taka, kar tausayi ya sa ku hana. In tana jin zafi a faɗa, don zafin da ba a kashe ba shi ma yana ruɗa mutum. Sai kuma 'yan dubiya. Na san zumunci ne, amma mutum goma sha biyar a kan tsohuwa kowa na cewa "Kin gane ni?" ba taimako ba ne. A shiga bibbiyu.

Nas ɗin nan ba ta ba ni maganin ba, Allah ya saka mata. Likita ta kira. Da aka duba, ashe ƙwayoyin cuta ne suka shiga fitsarin kaka ta robar da aka sa mata, ga kwana uku ba ta yi bayan gida ba, ga ƙarancin ruwa a jiki. Aka cire robar, aka fara magani. A rana ta biyar ta kalle ni ta kira sunana daidai, ta ce in je in yi wanka, wai ina warin asibiti.

Idan akwai tsoho a gidanku da aka sa wa ranar aiki, ku tattara duk abin da yake sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ku zuba a leda ku kai wa likitan da zai sa shi barci. Ku tambaye shi me za a yi don kar ya ruɗe, kuma wa za ku kira cikin dare in kun ga ya sauya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.