IDAN AN KWASHE AKWATUNA, SAI ME?

Jawabin sakataren tsare-tsare ga wakilan rassan ƙauyuka

 

Duk wanda ya zo muku lacca a 'yan kwanakin nan maganarsa ɗaya ce, ku fito ranar zaɓe. Ni ma da ita zan fara. A nemo katin zaɓe tun yanzu, a fita da sassafe, kada a watse daga rumfa sai an ƙirga ƙuri'u a gaban kowa, wakilinmu ya sa hannu a takardar sakamako ya karɓi tasa. Wannan kam kun san shi.

Abin da aka aiko ni in faɗa muku shi ne maganar kashegari. Motocin lasifika sun koma birni, ruwa ya wanke hotunan da aka manna a bango, mai ɗakin da aka kama haya don ofis ya karɓi makullinsa, ɗan takara kuwa ko ya ci ko ya faɗi wayarsa ba ta shiga. Sai bayan shekara huɗu a dawo da taliya da sabulu. Idan haka za mu yi, to ba jam'iyyar talakawa muka kafa ba, kasuwa muka ci muka tashi.

Dattawan da ke nan sun fi ni sanin labarin da zan ba da, ni a littafi da bakin manya na same shi. Amma bari in faɗa saboda yara. Ran 8 ga watan Agusta 1950 mutum takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. A shekarar nan Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa a Maru ya shige ta, daga baya ya zama shugabanta. A zaɓen 1951 'yan NEPU sun yi nasara a matakin farko a Kano, amma zaɓen hawa-hawa ne, En'e kuma tana da ikon cusa mutanenta a tsakiya, kafin a kai matakin ƙarshe an tankaɗe su duka. A zaɓen tarayya na 1959 Arewa tana da kujeru 174, NEPU ta sami 8 kacal. Kun ji fa, takwas. Ga ɗauri, ga bulala, ga korar mutum daga garinsu don an gan shi da alamar tauraro. Hajiya Gambo Sawaba sau 16 ana ɗaure ta.

Jam'iyyar da ake kayarwa haka, me ya hana ta mutuwa? A 1966 soja suka soke jam'iyyu duka, aka yi shekara 12 ba siyasa. Da aka ɗage takunkumi a 1978 aka kafa PRP, sai ga mutanen nan sun fito daga lunguna da ƙauyuka kamar jiya aka rabu. Tela da mahauci da ɗan koli da malamin zaure, kowa ya san ɗan'uwansa. Dalili shi ne ɗan NEPU da kuɗinsa yake sayen katinsa, ba a biyansa ya zo taro. In an kama ɗaya, saura su bi shi kotun alƙali, su duba iyalinsa. Sun koya wa talaka cewa yana iya tambayar dagaci rasit ɗin harajinsa, yana iya ƙin noman gandun hakimi a banza. Abin da ya shiga kan mutum irin wannan, dokar soja ba ta fitar da shi.

A 1979 aka ci moriyar wahalar. A wannan shekara ce matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa, abin da NEPU ta daɗe tana nema ana yi mata dariya. PRP ta ci jihar Kano, lokacin har da Jigawa, ta ci jihar Kaduna, lokacin har da Katsina. Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. A 1980 Kano ta mai da 1 ga watan Mayu ranar hutun ma'aikata, ta kafa hukumar yaƙi da jahilci.

To, nan ne nake so ku kasa kunne sosai. Ba a cika shekara biyu ba gida ya rabu, ga 'yan Santsi wajen gwamnoni, ga 'yan Taɓo wajen Malam. A Kaduna 'yan NPN ne suka fi yawa a majalisa, suka ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe, suka tsige shi ran 23 ga watan Yuni 1981. Ran 10 ga watan Yuli na wannan shekara aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara, a tarzomar Kano. Malam ya rasu ran 17 ga watan Afrilu 1983. Rimi ya koma NPP, Sabo Bakin Zuwo ya ci Kano a PRP, wata uku soja suka kifar da gwamnati. Ba na nan don in ce wane ne da gaskiya tsakanin Santsi da Taɓo, duka iyayenmu ne. Abin da na gani shi ne, rigimar a sama aka yi ta, mutanen ƙauye ba su da hanyar kiran manyansu su zaunar da su, sai dai kowa ya bi wanda yake ƙauna. Shekara 16 na shan kaye ba su karya NEPU ba, shekara 4 na mulki suka wargaza PRP ta wancan zamani.

Saboda haka ga abin da muke roƙon kowane reshe, ko mun ci ko mun faɗi.

Farko dai littafi. Ni da na ajiye alli na san ajin da ba rajista ba aji ba ne. A sami littafi mai bango mai ƙarfi, a rubuta sunan kowane ɗan jam'iyya da unguwarsa da sana'arsa, a ajiye shi a hannun sakataren reshe, kada ya kwana a gidan ɗan takara. Ranar da ɗan takara ya sauya sheƙa, ya tafi da hularsa, littafi yana nan.

Sai kuɗin ƙungiya, kuma na san nan ne za a fara gyaran murya. Na san yadda rayuwa ta yi tsada tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023, na san kuɗin buhun taki. Ba mu ce a kawo abin da babu ba. Wanda ba shi da kuɗi ya ba da kwano ɗaya na gero ko dawa da kaka. Reshe mai mutum 100 ya tara kwano 100 ke nan, ya isa kuɗin mota zuwa sakatariya, da alli da fitila, da taimakon wanda aka kama a kan gaskiyarsa. Ma'aji ya karanta lissafi da ƙarfi a kowane taro, abin da ya shiga da abin da ya fita. In wani attajiri ne ya biya hayar ofishinmu, ranar da muka taɓa shi zai rufe ƙofa, kuma da gaskiyarsa, kayansa ne.

Ajin dare kuma, sau biyu a mako. Malaman firamare da ɗaliban da suka gama sakandare suna zaune a kowane gari, su koya wa manya karatu da lissafi, har mutum ya iya karanta takardar filinsa da kansa. Iyayenmu mata su yi nasu reshen da shugabarsu da ma'ajiyarsu, a lokacin da ya dace da su. Ba daidai ba ne a tuna da su ranar layi kaɗai.

Abu na ƙarshe, bin sawu. Ran 11 ga watan Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. To, ko sun iso ko ba su iso ba, wa zai je ya tambaya? Mutum ɗaya in ya je, masinja ma ya ishe shi. Reshe ya tura mutum biyar da takarda a rubuce: takin da aka ce an raba, buhu nawa ya zo mazaɓarmu, wa ya karɓa? Asibitin sha-ka-tafi, ina magani? Kansila ya zo gabanmu duk wata uku ya yi bayani. In namu ne ya ci, shi za mu fi matsa wa, domin da sunanmu ya hau.

Taron farko na kowane reshe ranar kasuwar garinku ta biyu bayan zaɓe, da la'asar sakaliya, a inda kuka saba haɗuwa. Sakatare ya zo da littafi, ma'aji ya zo da kwano. Mu kuma za mu zagayo mazaɓa mazaɓa mu duba, wanda bai gan mu ba ya aiko a tambaye mu dalili.