Gajiyar da Barci Ba Ya Magani

(Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai da matasan ma'aikata a Achilafiya lokacin hutu)



Kowa a nan ya san gaisuwar Bahaushe. In an ce da kai, "Ina gajiya?" amsa ɗaya ce, "Ba gajiya." In an ce, "Ina aiki?" sai ka ce, "Aiki da godiya," ko da kuwa yanzu ka ajiye fartanya gumi na tsiyaya. Al'ada ce mai kyau, ba mu zo kushe ta ba. Sai dai ta saba mana da rufe bakinmu a kan abin da wani lokaci ya kamata a faɗa. Saboda haka a yau, a wannan gari da ko sunansa kamar addu'a yake, muna so mu yi magana a kan wata irin gajiya wadda ke cin ma'aikaci a hankali, shi bai sani ba, na kusa da shi kuwa suna kiranta da wani suna dabam.

Manomin da ya yini yana huɗar gero da damina ya gaji, amma in ya ci tuwo ya kwanta, gari na wayewa zai tashi garau. Wadda muke nufi ita ce wadda mutum zai kwana, ya yi hutun Asabar da Lahadi, amma ranar Litinin da ya tuna hanyar ofis sai gabansa ya faɗi. A shekarar 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya yi rubutu a kanta. Yana aiki ne a wani asibitin kyauta a birnin New York, sai ya lura masu aikin sa kai suna zuwa cike da ƙwazo, amma bayan kamar shekara guda sai su dusashe. Ya ba abin suna da kalmar Turanci mai nufin ƙonewa ƙurmus, kamar fitilar da kananzir ya ƙare mata, wutar ta koma cin lagwani. Mu ma bari mu kira ta ƙonewa. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta cikin kundinta na rarraba cututtuka, amma ta ce ba cuta ba ce ita kanta, yanayi ne da ke tasowa daga matsin aiki mai daɗewa wanda ba a shawo kansa ba. Ta kuma ambaci alamu uku.

Ta farko ita ce ƙarewar ƙarfi, wadda muka riga muka kwatanta, kuma kowa na iya gane ta.

Ta biyu ita ce ta fi damunmu, domin ita ce ake yi wa mummunar fahimta a ƙasarmu. Watau zuciyar ma'aikaci ta yi nisa da aikinsa da kuma mutanen da yake yi wa aikin. Ku ɗauki malamin firamare wanda a shekararsa ta farko ya san sunan kowane yaro, har gida yake bi in yaro ya yi fashi; bayan shekara huɗu sai ka ji yana cewa, "Waɗannan ai ba za su iya ba," ya rubuta darasi a allo ya fita gindin bishiya. Ko malamar asibitin sha-ka-tafi wadda a da take zama ta lallashi mai ciki, yanzu kuwa ko ɗaga kai ba ta yi, majiyyaci ya zama kati da lamba. Ko akawun sakatariya wanda "ka dawo gobe" ta zama masa kamar sallama. Mu a gari me muke cewa? Cewa muke yi ya yi girman kai, ko albashi ya lalata ta, ko kuwa dama can malalaci ne. Akwai malalata, ba mu musa ba. Amma malalaci tun ranar farko a haka ya zo, wanda ya ƙone kuwa an san shi da himma, sa'an nan ya sāke. Sau da yawa ma sanyin nan da yake nuna wa jama'a garkuwa ce ya kafa, don ba shi da sauran abin bayarwa.

Ta uku ita ce mutum ya riƙa ganin aikinsa ba ya tsinana komai, ko ya yi ko bai yi ba duk ɗaya. Daga nan kurakurai ke yawaita, a manta allura, a ɓatar da fayil.

Jiki kuma magayi ne: ciwon kai mai naci, rashin barci, saurin fushi da iyali, mantuwa, yawan neman goro ko shayi ko abin da ya fi su muni don a iya tsayawa. Mu ɗalibai kada mu ce ba ruwanmu. Gaskiya ne Hukumar ta keɓe kalmar ga ma'aikata, amma tun a shekarar 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kanada, Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abekuta, ya yi bayanin wata gajiyar ƙwaƙwalwa da ya gani a jikin ɗaliban Nijeriya: kai ya riƙa zafi ko a ji kamar wani abu na tafiya a cikinsa, ido ya yi dishi-dishi, a karanta shafi a kasa riƙe ko layi ɗaya. Duk wanda ya koma aji bayan yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a shekarar 2022, aka haɗa masa karatu da jarrabawa a ƙuntataccen lokaci, ba ya bukatar a fassara masa wannan.

To, yaya ake auna abin? A shekarar 1981 Christina Maslach da Susan Jackson suka fito da ma'aunin da ya fi shahara, mai jimloli 22. Tara suna auna ƙarewar ƙarfi, biyar suna auna nisantar mutane, takwas suna auna gamsuwa da abin da mutum ke cim ma. A kowace jimla mutum zai faɗi sau nawa yake jin haka, daga "ban taɓa ba" har zuwa "kullum". Hikimar da ke ciki ita ce ba a tambayar ko kana gajiya, domin kowa na yi. Ana tambayar sau nawa ne. Ko ba mu da wannan takarda a hannu, muna iya aron hikimar. Mutum ya tambayi kansa: a watan da ya wuce, kwana nawa na tashi ina ƙyamar fita aiki? Yaushe rabon da in ji tausayin wanda ya zo gabana? Da na ɗauki hutu na dawo, na ji sauƙi, ko kuwa cikin kwana biyu na koma inda nake? Sa'an nan ya tambayi wanda ba zai yi masa kara ba, matarsa ko mijinta ko aminin da suka fara aiki tare, ko ya ga canji. Idan alama ta farko ce kaɗai, watakila hutu ya isa. Idan ukun sun haɗu, sun kuma yi watanni, to magana ta wuce hutu.

A nan sai mu yi hattara, domin ba kowace kasala ce ƙonewa ba. Zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini da ciwon suga duk suna kawo ta, saboda haka a fara zuwa a yi gwajin jini. Akwai kuma ciwon damuwa, wanda cuta ce sosai mai magani. Wanda aiki ya ƙona yakan ɗan sake in ya shiga cikin dangi ranar suna ko biki. Mai ciwon damuwa kuwa duhun yana bin sa ko'ina. In baƙin ciki da rashin sha'awar komai sun kai mako biyu, balle in mutum ya fara cewa gara mutuwa, kada a jira. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau a Kano, kuma zuwa can ba hauka ba ne. Ko dokar ƙasa ta bar wannan tunani, domin a farkon shekarar 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958.

Kada kuma awon ya tsaya a kan ma'aikaci kaɗai. Maslach da abokin bincikenta Michael Leiter sun nuna cewa tushen abin yana wurin aiki: nauyi ya yi yawa, mutum ba shi da ta cewa a aikinsa, lada bai kai wahala ba, babu zumunci tsakanin abokan aiki, babu adalci, ko kuma ana sa shi yin abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malamin firamare ɗaya ga yara 35. Kowannenmu ya tuna ajin da ya zauna a ƙauyensu, a Roni ne ko Gwiwa ko Ɓaɓura, ya ƙirga da kansa. Ku ƙara da kuɗin mota tun bayan cire tallafin man fetur a shekarar 2023, ga dangi kuma kowa ya zuba wa mai albashi ido. Idan malamai uku cikin biyar a makaranta ɗaya suka sāke hali a lokaci guda, makarantar ya kamata a bincika kafin a rubuta wa kowa takardar tuhuma.

Yayyenmu da ke riƙe da makarantu da asibitoci, roƙonmu gare ku shi ne, in kun ga haziƙin ma'aikaci ya fara sanyi, ku kira shi gefe ku tambaye shi ina gajiya, in ya ce ba gajiya ku sake tambaya, ku kuma duba rajista ku ga rabonsa da hutun shekara. Mu ɗalibai kuwa, da muka kusa karɓar alli da fayil daga hannunku, za mu fara gwada tambayoyin nan a kan junanmu in mun koma makaranta, kafin jarrabawar zango mai zuwa.