Amsar Wasiƙa Daga Bacirawa: Yadda Ake Haɗa Madannin Na'urar Wasa

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani matashi a Bacirawa ta Jihar Kano. Ya ce yayansa ya bar masa tsohuwar na'urar wasan talabijin irin mai kaset ɗin nan, tana aiki lafiya lau, amma madannin hannun ya mutu. Shi ne yake tambaya, ko zai iya haɗa wani da kansa?

To ƙanena, za ka iya mana. Amma kafin ka kashe ko sisi, buɗe tsohon ka goge robar da ke ƙarƙashin maɓallan, ka kuma gwada wayarsa da mita. Sau da yawa datti ne ko karyewar waya. In wannan bai yi ba, ga bayani.

Asalin na'urar nan ita ce Famicom, wadda kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983, ta shiga Amurka a 1985 da sunan NES. Galibin waɗanda suka iso kasuwanninmu kwaikwayonta ne. Madanninta maɓalli 8 gare shi, amma waya 5 kacal yake aiki da ita: ta wuta mai bolt 5, ta ƙasa, da uku na saƙo. Dabarar tana cikin wani ɗan ayisi mai ƙafa 16, lambarsa 4021. Aikinsa kamar na malami mai kiran suna ne a aji. Waya ɗaya ta ce kowa ya tsaya inda yake, ta biyu ta riƙa kira ɗaya bayan ɗaya, ta uku ta kai amsa. Haka ake yi sau 50 ko 60 a daƙiƙa guda.

Nemi ayisin nan wajen masu kayan gyaran rediyo a Kasuwar Sabon Gari, tare da mazauninsa, da maɓalli 8, da rizisto 8 masu om 10,000, da ɗan allo mai huji-huji.

Ajiye ayisin, gefen da ke da tsaga yana sama. Ƙafa ta 1 ita ce ta hagun tsagar. Ka ƙirga zuwa ƙasa, ka tsallaka dama ka haura. Ƙafa ta 16 ta wuta ce, ta 8 da ta 11 su tafi ƙasa. Ta 9 ita ce mai tsayarwa, ta 10 mai kira, ta 3 mai kai amsa. Maɓallan kuwa: A a ƙafa ta 1, B ta 15, Select ta 14, Start ta 13, sama ta 4, ƙasa ta 5, hagu ta 6, dama ta 7. Kowace daga cikin takwas ɗin nan ka haɗa ta da wuta ta cikin rizisto, maɓallinta kuma ya haɗa ta da wayar ƙasa in an danna.

Yanzu ga inda ake asara. Kada ka yar da tsohuwar wayar, da ita za ka yi aiki, amma kada ka dogara da launi, don na kwaikwayo kowa da nasa. Kunna na'urar, ka gano wuta da ƙasa da mita. In ka juya su, ayisin zai ƙone, na'urar ma tana iya binsa. Sauran ukun, in sun rikice maka, kai wa mai gyaran rediyo ya tantance. Kada kuma ka jona madannin Sega don ka ga bakinsu iri ɗaya. Kama da wane ba ta wane.

In babu wutar lantarki, ƙarfen dalma na gawayi ya isa. Mazaunin za ka liƙa, sai ya huce ka dasa ayisin. Lokacin hunturu kuma taɓa ƙofar ƙarfe tukuna, don tartsatsin da ke taruwa a jiki yana kashe irin wannan ayisi.

In ya tashi, rubuto mana mu taya ka murna. Sai dai fa wasa bayan karatu da aikin gona ne. Allah ya ba da sa'a. Sai mako mai zuwa, ku huta lafiya.